Yadda na bi sawun bashin bankin Rasha a ofisoshin Faransa

Daren 20 ga Afrilu 2022 ina zaune a ɗakin wani dattijo ɗan Tawa da ke aikin gadi a bayan birnin Paris, muna kallon muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasar Faransa, Emmanuel Macron da Marine Le Pen, shayi na ta tafasa a gefe. Can sai Macron ya dubi matar ya ce mata duk lokacin da take maganar Rasha, da mai bankinta take magana. Dattijon ya rage sautin talabijin ya juyo ya ce, "Ɗana, kai da kake karatun siyasa, wannan magana gaskiya ce ko cin fuska ne irin na 'yan takara?" Na ce, "Wallahi Baba, na dai karanta a jarida." Ya ce, "To ai ni ma na ji a rediyo, ashe ɗaya muke." Maganar nan ta tsaya mini a rai, har da lokacin zaɓen abin da zan rubuta kundin digirina na biyu ya yi, ita na ɗauka. Na rubuta wannan ne domin ɗalibi ko ɗan jarida namu da zai nemi irin waɗannan takardu a Faransa, kada ya ɓata wata uku inda mako uku zai isa, kamar yadda na yi.

Abin da na sani kafin in fara shi ne abin da kowa ya sani. A watan Satumba 2014 jam'iyyar Le Pen, Front National, wadda ta koma Rassemblement National a 2018, ta karɓi rancen kimanin Yuro miliyan 9.4 daga wani ƙaramin banki da ke Mosko mai suna First Czech-Russian Bank. A kuɗinmu na sefa ya haura biliyan 6, ko miliyar 6 kamar yadda muke faɗa a gida. Jaridar Mediapart ce ta fasa ƙwai a watan Nuwamba na shekarar. Abin da ya sa mutane suka ɗaga gira shi ne lokacin da abin ya faru: a watan Maris na 2014 Rasha ta haɗe yankin Kirimiya, Le Pen kuwa tana cikin 'yan siyasar Turai da suka goyi bayan ƙuri'ar da aka yi a can. Wata shida bayan haka sai ga kuɗi. Ita dai amsarta ba ta taɓa canzawa ba, wai bankunan Faransa ne suka ƙi ba ta, dole ta nema a waje. Ni kuma na shiga aikin da tunanin akwai wata takarda a wani kabad wadda za ta warware komai.

A farkon Oktoba 2022 na je wurin malamar da ke duba kundina. Minti goma ta ba ni, tana sauri za ta shiga aji. Ta rubuta mini haruffa shida a bayan wata takarda, CNCCFP, ta ce in fara daga nan. Hukuma ce da aka kafa a 1990 don duba kuɗin yaƙin neman zaɓe da na jam'iyyu, tana da wakilai tara, uku-uku daga manyan kotunan ƙasar guda uku. Na fito ina murna, amma ban rubuta komai ba har kwana goma, saboda tsoro. Takardar zamana ta ɗalibi ce, duk shekara sai an sabunta, ga ni baƙar fata ɗan Maraɗi zan aika wa hukumar Faransa wasiƙa da sunana da adireshina ina neman lissafin kuɗin matar da ta sami sama da kashi 41 cikin 100 a zagaye na biyu. Yayana da na gaya masa ta waya cewa ya yi, "Kai ƙanena, karatu aka tura ka ko neman rigima? Ka nemi wani abu ka rubuta mana." Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ganin lauya kyauta. Ma'aikatun magajin gari da dama suna ware ranar da lauya ke zuwa ya saurari jama'a ba ko sisi, sai dai ka kira ka kama layi. Na kira, aka ba ni rana bayan mako biyu. A ɗakin jira na zauna tsakanin wata mata mai rikicin haya da wani mutum rungume da takardun saki, ni kaɗai ne na zo da matsalar da ba ta ci mini tuwo ba. Lauyar ta saurare ni, ta ce dokar samun takardun hukuma, wadda asalinta na 1978 ne, ta ce "kowane mutum", ba ta ce ɗan ƙasa ba, kuma ba dole ne in faɗi dalilin da ya sa nake nema ba. Sai ta ɗaga biro ta ce inda ya kamata in ji tsoro shi ne rubutun da zan yi daga baya, domin dokar 'yan jarida ta 1881 tana hukunta ɓata suna, kuma kalma ɗaya kamar "cin hanci" in ba ni da hujja ta isa ta kai ni kotu. Minti ashirin muka yi, na fita da sauƙi a zuciya.

Washegari na rubuta wasiƙata ta farko, kuma a nan na tafka kuskuren da ya fi cin mini lokaci. Na nemi a ba ni "duk takardun da suka shafi kuɗin Rasha a yaƙin neman zaɓen Marine Le Pen na 2022". Na kai gidan waya na aika ta mai rajista, irin wadda ake dawo maka da ɗan kati a matsayin shaidar an karɓa, na biya kusan Yuro 7. Katin ya dawo bayan kwana huɗu, na manna shi a bango ina ƙirga kwanaki. Cikin mako na uku amsa ta zo, a mutunce, amma da na gama karantawa sai na ji kunya. An nuna mini cewa lissafin zaɓen shugaban ƙasa na 2022 yana hannun hukumar ana kan duba shi, tana da wata shida daga ranar da aka miƙa shi, kuma ba a bayar da takardar da ba a gama yanke hukunci a kanta ba. An kuma nuna mini cewa sai na faɗi takamaiman takardar da nake so, don hukuma ba ta yi wa mutum bincike, abin da ke hannunta kawai take miƙawa. Ashe na bar jaki ina ta dukan taiki. Lissafi iri biyu ne. Akwai na ɗan takara, wanda ake buɗewa don zaɓe guda a rufe bayan zaɓen, akwai kuma na jam'iyya, wanda ake miƙawa duk shekara kafin ƙarshen Yuni bayan masu binciken kuɗi sun sa hannu. Bashin Mosko jam'iyya ce ta ci shi a 2014. Ko shekara zan yi ina tona lissafin takarar 2022 ba zan same shi a can ba.

Daga nan na koma ɗakin karatu na jami'a, na gano cewa rabin abin da nake shirin roƙo yana shimfiɗe a intanet kyauta. Lissafin jam'iyyu ana buga shi a jaridar gwamnati ta Journal officiel, ana kuma zuba shi a shafin bayanan gwamnati. Matsalar ita ce karanta shi. Na buɗe fayil ɗin a kwamfuta, sai ga layuka da ginshiƙai sun cika fuska, kowace jam'iyya da lambarta, har da ƙananan jam'iyyun da ko sunansu ban taɓa ji ba, ɗaruruwa. Yini biyu na yi ina zagaye kamar baƙo a kasuwar Kantin Kwari. Wata 'yar ajinmu da ta karanci akanta ce ta ja kujera ta zauna, ta ɗora yatsa a kan allon ta ce in bar kallon ɓangaren kuɗin shiga, domin rance ba kuɗin shiga ba ne, in duba ɓangaren abin da ake bin jam'iyyar, sannan in karanta ƙarin bayanin da ke biye da alƙaluman, can ake jera basussuka. Cikin rabin sa'a na ga abin da na yi kwana biyu ina nema. A nan ne kuma na fahimci dalilin da ya sa jam'iyyu ke rayuwa kan bashi a ƙasar nan. Tun 1995 an hana kamfanoni ba jam'iyya ko ɗan takara kyautar kuɗi. Mutum ɗaya ba zai ba jam'iyyu fiye da Yuro 7,500 a shekara ba, ba kuma zai ba 'yan takara fiye da Yuro 4,600 a zaɓe guda ba. Gwamnati tana mayar wa ɗan takarar da ya sami kashi 5 cikin 100 wani kaso na abin da ya kashe, har zuwa kashi 47.5 cikin 100 na iyakar da doka ta sa, amma sai bayan zaɓe da watanni. Kafin nan sai ka nemo wanda zai ranta maka. Wanda bankin gida ya juya wa baya, idonsa waje zai koma.

Akwai wata ƙofa ta uku da ban san da ita ba sai da malamata ta ambata a wucewa, hukumar HATVP, wadda ke wallafa bayanin kadarori da basussukan 'yan takarar shugaban ƙasa kafin zaɓe. A can na ga bashin da ya shafi 2022 ɗin da nake ta nema: kimanin Yuro miliyan 10.7 daga bankin MKB na ƙasar Hungari, wadda Viktor Orbán ke firaministanta a lokacin. Dalilin da ya sa aka koma Budapest ba Mosko ba shi ne dokar 15 ga Satumba 2017, wadda ta hana jam'iyya ko ɗan takara cin bashi daga bankin da hedikwatarsa ba ta cikin Tarayyar Turai ko yankin tattalin arzikinta. Wato abin da aka yi a 2014 halal ne a dokar lokacin, yau kuma haramun ne. Da na san wannan tun farko, da tambayata ta farko ba ta fita a karkace ba.

A ƙarshen Nuwamba na rubuta wasiƙa ta biyu, gajeriya, layi takwas. Na nemi abu guda da sunansa: yarjejeniyar rance tsakanin jam'iyyar da First Czech-Russian Bank ta 2014. Na ambaci dokar, na kuma ambaci hukunce-hukunce biyu na Conseil d'État, babbar kotun da ke shari'a tsakanin jama'a da hukuma. Na farko na Maris 2015 ne, inda Mediapart ta yi nasarar samun takardun takarar Nicolas Sarkozy ta 2007. Na biyu na Fabrairu 2019 ne, kan ita wannan yarjejeniya, inda kotun ta ce takarda ce da za a iya bai wa mai nema, sai dai a rufe wasu wurare. Wato wasu sun riga sun sha ranar shari'a shekaru, ni inuwar kawai na tarar. Wannan karon ta imel na aika, na ce a turo mini ta imel, domin haka kyauta ne. In ka ce a buga maka a takarda, doka ta yarda a caje ka har santim 18 kowane shafi. Ina jira na koyi lissafin kwanakin, wanda ya kamata kowa ya rubuta ya ajiye. In hukuma ta yi wata guda ba ta amsa ba, doka na ɗaukar shirun a matsayin ƙi. Daga nan kana da wata biyu ka kai kuka ga CADA, hukumar da ke ba da ra'ayi kan ko takarda ta halatta a bayar, kyauta ne, ba a bukatar lauya. Ba kuma za ka tsallake ta ka tafi kotu kai tsaye ba. Na ma rubuta takardar kukan na ajiye a kwamfuta, amma ban kai ga aika ta ba, amsa ta riga ta iso.

Ina cikin jirgin ƙasa na ga saƙon a waya. Ban iya haƙuri in kai gida ba, na buɗe a tsaye, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe. Ga sunan jam'iyya, ga sunan banki, sai kuma baƙaƙen layuka masu kauri a wuraren da na fi ƙwallafa rai: lambobin asusu, da sharuɗɗan da suka shafi kuɗin ruwa da tsawon lokacin biya, waɗanda kotu ta ɗauka sirrin kasuwanci ne. Na ja hoton da yatsu biyu ina ƙara girmansa kamar baƙin zai yi haske. Abin dariya, kuɗin ruwan da aka rufe mini, kashi 6 cikin 100, jaridu sun daɗe da bugawa. Na sauka a tashar da ba tawa ba don ruɗewa, na zauna a benci ina jin kamar an ba ni ƙwarya a rufe na buɗe na tarar da ruwa. Sai da na kwana na gane cewa babu wanda ya cuce ni. Yarjejeniyar rance yarjejeniyar rance ce. Babu banki a duniya da zai rubuta a takarda cewa ya ba ka kuɗi don ka yi magana mai daɗi kan Kirimiya.

Abin da ya fi ban sha'awa ashe yana ɓangaren Rasha ne, kuma a nan harshe ya tare ni. Na tambayi wani mai fassara mai hatimin kotu, ya ce Yuro 45 kowane shafi, na yi lissafin kuɗin hayata na ce masa zan dawo. Malamata ta ce don kundi ba a bukatar hatimi, in nemi wanda ya iya harshen. Wani ɗan ajinmu da ya tashi da Rashanci ya zauna da ni Asabar biyu, ladansa shinkafa da miyar gyaɗa da na dafa. Tare muka bi labarin. A watan Yuli 2016 babban bankin Rasha ya ƙwace lasisin First Czech-Russian Bank. Kafin bankin ya rushe an riga an sayar da bashin ga wani kamfanin hayar motoci mai suna Conti, daga nan ya koma hannun Aviazapchast, kamfanin kayan gyaran jiragen sama. A ƙarshen 2019 wannan kamfani ya kai jam'iyyar ƙara kotun kasuwanci ta Mosko, aka yi sulhu a watan Yuni 2020, aka shimfiɗa biya har zuwa 2028. Ka ga jam'iyyar da ke neman mulkin Faransa ta wayi gari mai bin ta bashi kamfani ne da ke hulɗa da harkar jiragen soja. Wannan a ganina ya fi ranar karɓar kuɗin nauyi, domin wanda ya ci bashi ba shi ke zaɓen wanda za a sayar wa bashin ba. A nan kuma na yi tuntuɓe da alƙaluma: wata jarida ta ce miliyan 9, wata 9.14, wata 9.4. Na koyi in riƙa rubuta kowane adadi tare da takardar da na ɗauko shi, ba in zaɓi wanda ya fi girma don ya fi daɗin faɗa ba.

A watan Janairu 2023 aka buga hukuncin hukumar kan lissafin 'yan takarar 2022, abin da na nema tun Oktoba ya zama na kowa. Sai kuma sa'a ta faɗo mini: majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike kan katsalandan ɗin ƙasashen waje, wanda, abin mamaki, ita jam'iyyar Le Pen ce ta nemi a kafa, ɗan jam'iyyar Jean-Philippe Tanguy ne ma ya shugabance shi. Ranar 24 ga Mayu 2023 Le Pen ta zauna gaban kwamitin bayan ta yi rantsuwa, na kalla kai tsaye a shafin majalisar, littafi a cinya. Ta maimaita cewa ba a nemi komai a hannunta ba. Rahoton kwamitin da 'yar majalisa Constance Le Grip ta rubuta, wanda ya fito a watan Yuni, ya kwatanta jam'iyyar da bel ɗin inji mai isar da muradun Rasha, jam'iyyar kuma ta ce rahoton siyasa ne tsagwaronta. Duk zaman da aka yi a bainar jama'a an rubuta shi kalma da kalma, kyauta, kuma da na fara da karanta irin waɗannan rubuce-rubuce da na huta da yawa.

Ranar kare kundi wani farfesa ya tambaye ni kai tsaye ko na tabbatar an sayi jam'iyyar. Na ce na tabbatar an ci bashi, na tabbatar da hannayen da bashin ya bi, na tabbatar da cewa matsayin jam'iyyar kan Kirimiya ya yi daidai da na Mosko kafin kuɗin da bayansu, kuma Vladimir Putin ya karɓi Le Pen a fadarsa ranar 24 ga Maris 2017, wata guda kafin zaɓe. Biri ya yi kama da mutum. Amma takardar da ta ce wannan ladan wancan ne, ban riƙe ta ba, ba kuma zan rubuta kamar na riƙe ba. Ya gyaɗa kai ya wuce tambaya ta gaba. Na tuna biron lauyar nan.

Wanda zai bi wannan hanya, kafin ya rubuta wa kowa wasiƙa ya fara tantance wa ya ci bashin, jam'iyya ko ɗan takara, kuma a wace shekara, domin dokar 2014 ba ita ce ta bayan 2017 ba. Ya ƙare abin da ke intanet tukuna, lissafin jam'iyyu, bayanin kadarori, zaman majalisa, hukunce-hukuncen kotu. In zai nema, ya nemi takarda ɗaya da sunanta da shekararta, ya ajiye shaidar ranar da aka karɓi buƙatarsa, don daga ranar ake fara ƙirgen wata guda. Kada ya nemi lissafin zaɓen da ba a gama dubawa ba. Ya nemi mai karanta lissafin kuɗi da mai jin harshen ƙasar da bankin yake tun da wuri, ya kuma sa a ransa cewa zai ga baƙin layi. Duk abin da na kashe daga Oktoba zuwa Yuni, kuɗin gidan waya da buga takardu da shinkafar Asabar biyu, bai kai Yuro 60 ba. Takardar zamana kuma an sabunta ta a lokacinta, ba wanda ya ɗaga maganar.

A watan Satumba 2023, kundi na kan kanta an riga an ɗaure shi, jam'iyyar ta sanar cewa ta biya Aviazapchast ragowar bashin gaba ɗaya, sama da Yuro miliyan 6, shekara biyar kafin wa'adi. Na buga labarin a takarda guda na kai wa dattijon nan ɗan Tawa tare da kwafin kundin. Ya auna nauyinsa a hannu, ya ce, "Ɗana, duk wannan amsar tambayata ce?" Na ce, "Rabinta ce, Baba." Ya sa shi a kan talabijin, ya ce in miƙo masa sukari.